Kwikwiyon Ruga da Sharaɗin Inna

Har furfura ta fara yi mini sallama a gemu ban taɓa riƙe kare ba. A wajenmu nan Kankiya, kare abu ne da ake hangowa a bayan maharba ko a gindin teburin mahauta, a daka masa tsawa ya ƙara gaba. Awakina ne suka jefa ni cikin wannan sana'a. Wata damina aka sa mini su a gaba, yau babu 'yar ja, jibi babu mai ƙaho ɗaya, kuma da rana tsaka, lokacin da unguwa ta watse gona. Har na fara zargin ko su ne suka yi taro suka yanke shawarar ba sa son fuskata.

Akwai wani Bafulatani a wajen ƙauyen Boko da shanunsa ke cin karan gonata duk kaka. Da na kai masa kuka sai ya shiga bayan bukka ya fito da wani ɗan abu ja, mai kunnuwa kamar ganyen kabewa da ciki kamar tulu. Ya rantse mini uwar wannan abu ta taɓa korar kura. Yanzu da na san ɗan, ina jin kurar ce ta tuna tana da wani uzuri a gaba.

Na sa shi a kwali na ɗaure a bayan babur. Kafin mu iso gari ya cinye gefen kwalin, ya amayar da shi a bayan rigata, sannan ya yi barci.

A ƙofar gida na tuna da abin da ya kamata in tuna tun a ruga, wato Inna.

Mahaifiyata tana zaune tare da mu, a ɗakin da ke can ƙuryar gida. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai wanga" nake, ko da kuwa gaban surukaina ne. Idonta garau, bakinta ya fi garau, amma kunnenta ya daɗe da ajiye aiki. Wannan ya jawo mata magana a dangi. Mutum zai taso tun daga Kusada, ya tarar maiɗakina ta fita unguwa, ya tsaya a zaure ya yi sallama ta ɗaya, ta biyu, ta uku, shiru, ya juya yana cewa tsohuwa tana ciki ta ƙi amsawa. Yayanta ma, kawuna, haka ta faru da shi, ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Abin yana cinta, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Ta fito ta tsaya a kan kwalin, ta dube shi, ta dube ni, kamar mai auna wanne ya fi wani rashin amfani.

"Kai wanga, mi ne ne wannan?"

Na ɗaga murya yadda za ta ji, har maƙwabta suka ji. "Kare ne, Inna! Na gadi!"

"Na ga kare ne, ai ba makauniya nike ba. Gadin nike nema ban gani ba." Ta gyara mayafi. "Malamai kare ukku suka yarda a aje, na farauta, na kiwo, na gadi. Kai ko kurciya ba ka taɓa kamawa ba. Shanu ba ka da su. Saura gadi. To ba ya shigo mani tsakar gida, ba ya taɓa mani ƙwarya. Kuma in aka shigo da dawa ban ga ya tare baƙo da haushi ba, ka mai da shi inda ka ɗauko shi. Ba ni zama da kare na ado."

Na ce an gama. Na ma ƙara da cewa kafin kaka sai an riƙa zuwa kallonsa daga wasu garuruwa. Wannan kam ya tabbata, sai dai ba yadda na nufa ba.

Na kafa masa turke a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, kusa da sauran awakin da suka rage, na ware masa wani tsohon kwanon silba. Makon farko ya yi kuka kamar an yi masa rasuwa. Ya cinye hancin takalmina na zuwa Juma'a. Ya yi fitsari a tabarmar zaure da natsuwa irin ta wanda ya biya kuɗin haya. Ya sa baki a butata, maiɗakina ta tsaya a kaina sai da na yi mata wanki bakwai, tana ƙirgawa da ƙarfi don kada in ci ɗaya. Na zauna ina cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya, ni da ban taɓa cire wa 'ya'yana ƙaya ba. Na ɗauke shi zuwa wurin malamin dabbobi aka yi masa allura, ya lashi hannun malamin don godiya.

Matsalar kenan. Wannan halitta ba ta da maƙiyi a duniya. Mai tallan nono, mai gyaran rediyo, mahaukacin bakin kasuwa, duk wanda ya leƙo sai ya kwanta ya miƙa masa ciki a sosa. Wutsiyarsa ba ta hutawa, da za a haɗa ta da injin niƙa da unguwarmu ta huta da sayen mai. Ya girma, ƙafafu suka miƙe, ƙirji ya buɗe, amma haushi ko na mafarki babu. Akuya ta taɓa tunkuyinsa, ya bi ta yana ba ta haƙuri.

Gero ya fara fitar da kai, sai na kai maganar teburin mai shayi. A nan na gane ashe garinmu cike yake da shehunnan ilmin kare, waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ajiye ko kyanwa. Wani ya ce a yanke masa kunnuwa, wai da kunne ake jin tausayi. Wani ya ce a daka gidan rina a zuba masa a tuwo. Wani direba ya ce barkono, safe da yamma, kamar maganin asibiti. Wani mai gilashi ya nuna mini bidiyo a waya, wata Baturiya tana magana da karenta a hankali kamar mai lallashin miji, kare yana zama yana tashi. Na tambaye shi da wane harshe zan yi wa nawa, tunda Fulatanci ya taso yana ji, ya ce wannan kuma matsalata ce. Barkonon kawai na gwada, sau ɗaya. Ya cinye, ya yi atishawa, ya dube ni yana neman ƙari.

Daga ƙarshe na zauna na yi tunani da kaina, wanda shi ne babban kuskuren. Na ce kare ba zai san ɓarawo ba sai ya ga ɓarawo. Tunda ba a ba da haya, sai in ƙera nawa. Ana bukatar mutumin da karen bai saba da shi ba, mai siffar rashin gaskiya, wanda kuma ba zan ji komai ba in an cije shi. Nan take taubashina ya faɗo mini a rai, ɗan kawun nan nawa na Kusada, tela, wanda ke shigowa Kankiya duk ranar kasuwa sayen zare.

"Ni zan yi maka ɓarawo?" in ji shi. "Duk garin nan ba ka ga mai kama da ɓarawo ba sai ni?"

"Na duba, wallahi. Kai ne ka zo na ɗaya."

"Bawan gidanmu, ka ci albarkacin Gwaggo. Amma da sharaɗi, tsiren da za ka ba karen, rabi nawa."

Shirin mai sauƙi ne. Zai rufa buhu a ka, ya riƙe sanda da gwangwani, ya faɗo daga zaure yana buge-buge. Ni kuma ina riƙe da sarƙa, in yi kururuwa, in nuna tsoro, in zuga kare. In ya yi haushi, tsire. Inna tana can ƙurya, ko ganga aka buga ba ta sani ba.

Ranar farko na tsuguna kusa da turke ina jira. Sai na ji murya daga zaure, murya mai daɗi, har da jan baƙi kamar mai kiran salla.

"Assalamu alaikum!"

Maiɗakina daga madafa ta amsa. Sannan buhu ya faɗo yana rawa.

Na miƙe. "Kai, wane irin ɓarawo ne ke sallama?"

Ya ɗaga buhun. "Gidan mutane ne fa. Gwaggona na ciki, matarka na ciki. In faɗo masu haka kamar jaki?"

"Ai shi ne aikin! Ɓarawo nake so, ba mai neman aure ba!"

"To nemi wani. Ni ubana bai koya mani shiga gida ba sallama ba. In yi sallama, a amsa, sannan in yi maka satar da kake so."

Na yi lallashi, na yi zagi, na ce masa buhun ma ya fi shi hankali. Ya ƙi. Mutumin da zai riƙe maka ɗinkin Salla har ta wuce bai ji kunya ba, shi ne yau yake da ladabin da ba ya lanƙwasuwa. Da na gaji sai na ce a raina, to mene ne a ciki? Kare ya san sallama ne? Buhun zai gani.

Muka ci gaba a haka, kasuwa bayan kasuwa. Sallama, amsa, buhu, gwangwani, ni ina ihu kamar an kama ni da wuta. Da farko karen ya ɗauka wasa ne, yana tsalle yana neman kama gefen buhu. Ran nan dai, ko don gwangwanin ya faɗo masa a ka, sai ya ja da baya ya buɗe baki. Jama'a, ashe murya ce a ciki! Wani haushi mai kaifi, siriri a sama, mai kauri a ƙasa, wanda ya sa kaji suka haye katanga. Na rungume taubashina da buhunsa. Na ba kare tsire, na ba ɓarawo tsire, ni ma na ci.

Kafin a yanke gero ya ƙware. Tun buhu bai bayyana ba yake tashi, gashin wuyansa a tsaye. Na koma teburin mai shayi ina tafiya kamar wanda ya horar da zaki. Na ce musu karena yana jin ƙanshin mugun nufi tun daga zaure. Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ya yi mata haushi har ta yar da zani, na ce to, Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyarta. Mai unguwa ya zo, shi ma haka. Na fara kallon mutanen unguwa da wani ido.

Sai wata rana da hantsi ina kan ɗaki ina gyaran jinka, na hango wani ɗan jari-bola da buhunsa ya leƙo zaure. Ga buhu, ga baƙuwar fuska, ga tafiyar sanɗa, duk abin da muka karanta. Na ce yau za a yi ta. Na gyara zama don in ga yadda za a raba mutum da wandonsa.

Mutumin bai ce uffan ba. Ya shigo, ya waiga dama da hagu. Karena ya tashi, ya yi miƙa, ya kaɗa wutsiya. Mutumin ya sunkuya ya ɗauki kwanon silban da karen ke cin tuwo a ciki, ya jefa a buhu. Karen ya raka shi iyakar tsawon sarƙa, yana lasar masa dunduniya, kamar mai cewa a gaida gida. Mamaki ya hana ni ko tsawa.

Na sauko. Na fita waje, na tsaya a zaure, na shigo shiru. Wutsiya. Na sake fita, na cika ƙirji, na ce, "Assalamu alaikum."

Ya taso mini kamar na kashe masa uwa.

Na zauna a kan turmi. Watanni ina zuba tsire, ashe abin da na koya wa dabbar nan shi ne duk wanda ya yi sallama maƙiyi ne, wanda ya shigo sumumu kuwa ɗan gida. Na samar wa ɓarayin Kankiya abokin aiki, ina ciyar da shi da hannuna. Maiɗakina ta fito ta ji bayani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce dama ta lura, tana jira ne ta ga yaushe malamin zai gane karatun ɗalibinsa.

Na kira taubashina a waya na wanke shi tas. Ya ce, "To ai karen ya fi ka fahimta, shi ya san abin da aka maimaita masa. Kawo tsire in zo mu warware."

Babu lokacin warwarewa. Dawa ta bushe, an yanke, ranar da amalanke ya fara sauke dammuna a ƙofar gida ita ce ranar hukunci. Dabarata ɗaya, in sa wani ya yi sallama a gaban Inna, kare ya yi haushi, ita kuwa ba za ta ji sallamar ba, haushin kawai za ta gani. Ina cikin neman wanda zan saya da goro, sai ga babur ya tsaya. Taubashina ne, ya ɗauko mahaifinsa a baya. Wai ya ba tsohon labarin karen, shi kuma ya ce sai ya zo ya gani da idonsa irin lalacewar da gidan ƙanwarsa ya yi.

Kawuna mutum ne da ba ya sallamar talakawa. Tasa doguwa ce, mai rassa, sai ya kai ta har ƙarshe ya ɗora da addu'a. Ina daga bayan amalanke ina ɗaga masa hannu ya dakata, ya ɗauka gaisuwa ce. Ya shiga zaure, ya gyara babbar riga, ya buɗe murya.

Ban taɓa jin karen ya yi irin wannan ba. Kowace gaɓa ta sallamar sai ya amsa ta da nasa. Ya ja sarƙa har turken ya yi kwance. Kawu da ya riga ya sa ƙafa a fili ya yi baya, hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma, dattijon da ke cewa gwiwa ta hana shi tsayuwar salla ya haye dammunan dawa kamar ɗan akuya. Taubashina yana bayan babur yana dariya har da hawaye. Na riƙe sarƙa ina lissafin hanyar Boko a zuciyata.

Sai ga Inna ta fito daga ƙurya da saurinta, tana gyara ɗankwali.

"Wa alaikumus salam! Wa ne? Wa ya yi sallama?" Ta ɗaga kai ta ga yayanta a saman dawa. "Yaya! Kai ne? Mi kake yi a can? Sauko, sannu da zuwa, sannu da hanya!"

Kawu ya sauko yana haki, ya matsa kusa da kunnenta. "Wannan wane irin gida ne? Kare yana yi wa sallama haushi! Sallama fa! A fitar da shi yau ɗin nan!"

Na sunkuyar da kai. Asiri ya gama tonuwa, kuma da babbar murya.

Inna ta dubi karen, wanda yanzu ya koma kaɗa wa Kawu wutsiya tunda ya daina sallama. Ta ce, "Ai na sani. Kwana nawa ina lura. Duk sanda na ji muryar wanga abu ta shigo mani kunne, in na fito sai in tarar da mutum a zaure. Yaya, shekara nawa kana cewa na ƙi amsa maka? Yau ka yi sau ɗaya na fito ko ban fito ba?"

Kawu ya sunkuya ya ɗauki hularsa yana kakkaɓewa.

"To karen ya zamna," in ji ta.

Na ce, da ƙarfi yadda za ta ji, "Inna, ba ya kama ɓarawo fa! Kwanonsa ma an sace yana kallo! Bari in sake masa horo!"

"Kai wanga, kar ka taɓa shi. Wanda ka yi ma ba da saninka ka yi ba. Na ce in ga ya tare baƙo da haushi, na gani. Ƙofa yake gadi, ni yake yi ma aiki. Awakinka kuwa ka nemi ƙofar kirki ka sa masu."

Haka na rasa kare ba tare da ya bar gidan ba. Tsakar gida dai har yau bai taka ba, ƙwaryarta kuma bai taɓa ba, amma ita ke aiko masa da ƙanzo a sabon kwano, ita ke tambaya ko an ba shi ruwa. Dangin Kusada sun dawo da zumunci, suna tsayawa nesa da tsawon sarƙa su yi sallama, a yi musu haushi, tsohuwa ta fito da fara'a. Shehunnan teburin mai shayi kuwa kowa cewa yake shawararsa ce ta yi aiki, har da mai barkono. Taubashina yana neman a riƙa kiransa malamin karnuka.

Ni ne dai abin tausayi. Na gwada shiga gidana shiru don in tsira da mutuncina, Inna ta hango ni ta ce ita ba ta haifi mai shigowa kamar ɓarawo ba, in koma in yi sallama. Saboda haka duk dawowata daga masallaci sai in tsaya a zauren da na gina da kuɗina, in yi sallama, karen da na ɗauko a kwali ya zage ni tas a gaban 'ya'yana, Inna ta leƙo ta ce, "Au, kai ne," ta koma ciki.

Awakin na sa musu ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Makullin yana aljihuna, don na tabbata in na rataye shi kusa da turke, karen da kansa zai nuna wa mutum inda yake.